Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na Kaduna: kafin a sake buɗe gidauniya

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe shugabanni, iyayenmu da yayyenmu, maza da mata. Muna gaishe ku da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Mu masu wannan wasiƙa 'yan'uwanku ne a waɗannan ƙungiyoyi. A cikinmu akwai masu haƙar burtsatse, magina, masu haɗa sola, kafintoci da akanta, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami abu ne da muke gani a bakin aiki.

Duk wanda ya taɓa halartar taron shekara na 'yan ajinsu ya san daɗin wannan rana. An sha anko, an rungumi juna, an tuno sunan tsokana da aka manta shekara talatin. Sai a ba kowa dama ya miƙe ya faɗi inda Allah ya kai shi. Wannan likita ce, wancan ya kafa gonar kaji a hanyar Kachia, wani yana da shagon walda a Panteka da yara goma a ƙarƙashinsa, wata ta yi shekara ashirin da biyar tana koyar da lissafi. Wannan alfahari halal ne, kuma yana da tushe a jihar nan. Kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921, ta zauna a Kaduna daga 1938 kafin ta koma Zariya a 1949, ita ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Alhudahuda, Queen Amina, Rimi, Sardauna Memorial, kowace tana da 'ya'yan da za ta nuna. Ba mu zo don a rage wa wannan sashe na taro ko minti ɗaya ba.

Damuwarmu tana kan abin da ke biyo baya. Da an gama gabatar da kai sai a buɗe gidauniya, a zaɓi aikin da za a yi wa makaranta cikin minti goma ta ɗaga hannu, a damƙa shi ga kwamitin da aka haɗa bisa girman gudummawa. Injiniyan ruwan da ya gabatar da kansa ɗazu yana zaune a layin baya, ba wanda ya waiwaye shi. Bayan shekara biyu idan ka shiga irin wannan makaranta za ka tarar da allon dutse mai ɗauke da sunan aji da ranar buɗewa, rubutunsa raɗau. A gefensa tanki ya tsage ta gindi, an kwance kawunan famfo, an cusa tsinke da leda a bakin bututu, 'yan mata kuma suna tsallaka titi da bokiti. Kuɗin bai yi kaɗan ba. Sanin da ke cikin zauren taron ne ba a ɗora a kan aikin ba.

Za mu fi daɗewa a kan ruwa, domin shi ne aikin da aka fi zaɓa, shi ne kuma aka fi yin asara a kansa.

Kafin a kira mai injin haƙa, a fara da lissafi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na makarantu ya ba ɗalibin jeka-ka-dawo lita 5 a rana don sha da wanke hannu, ɗan kwana kuma lita 20. Idan aka haɗa da tsarki, alwala da kora bayan gida, lita 10 ga ɗalibin jeka-ka-dawo shi ne abin da muke aiki da shi. Makaranta mai ɗalibai 1,200 tana neman lita 12,000 ke nan kowace rana. Wannan adadi shi zai faɗi girman famfo da tanki da yawan faifan sola. In ba a fitar da shi ba, duk abin da aka saya cinke ne.

Garin Kaduna yana zaune ne a kan dutse. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a nan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin, shi ya sa za a haƙa a bayan ofishin shugaban makaranta a samu ƙura, a matsa mita hamsin a samu ruwa. Don haka binciken ƙasa da na'ura wajibi ne, a aƙalla wurare uku cikin harabar, kuma rahoton ya zo a rubuce da sa hannun wanda ya yi. Kada wanda ya yi binciken ya zama shi ne mai haƙar, don wanda zai ci kuɗin kowace mita ba zai ce a tsaya ba. Masana wannan fanni ba su yi mana nisa ba, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando, ga kuma RUWASSA, hukumar ruwa da tsaftar muhalli a karkara ta jiha. Wurin da aka zaɓa ya nisanci kowace masai ko ramin ƙazanta da aƙalla mita 30, kuma kada ya kasance ta gangaren da ruwansu ke bi.

Lokacin haƙa ma yana da muhimmanci. Mun san ana son a buɗe aiki ranar taron Disamba, sai a haƙa a Satumba ko Oktoba lokacin da ƙasa ta ƙoshi. Kowace rijiya gwana ce a wannan lokaci. Gaskiyarta tana fitowa a Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya iyakar ja. A haƙa a ƙarshen rani, a gwada a ƙarshen rani. In hakan ya sa bikin buɗewa ya koma wata shekara, to ya koma.

Ranar haƙa, wakilinku ya tsaya a wurin daga farko har ƙarshe. Ya auna tsawon sandar haƙa guda ɗaya, ya riƙa ƙirga waɗanda suka shiga, in an gama ya saka igiya mai nauyi a baki ya tabbatar da zurfin. Rijiyar mita 35 da aka rubuta mita 60 a takarda ba baƙon abu ba ce. Ya duba bututun da za a jera a ciki, ya kasance mai kauri na rijiya, inci 5 ko 6, ba siririn bututun magudana da ke lotsewa in ƙasa ta matse shi ba. Bututu mai tsaga-tsaga, wanda ruwa ke shiga ta cikinsa, ya dace da daidai inda aka ci karo da ruwan. A zagaye shi da wankakkiyar tsakuwa ƙanana masu santsi, ita ke tace yashi. Mita 3 zuwa 6 na sama a cike su da siminti, domin shi ke hana ruwan sama da ƙazantar fili gangarawa ta gefen bututu. Wannan simintin ne aka fi tsallakewa tunda ba a ganinsa, kuma rashinsa ne ke sa ruwa ya yi jaja-jaja bayan kowane ruwan sama, yara su kama gudawa. Bayan haka a busa rijiyar da iska har ruwa ya fito garau.

Sai gwajin ja, wanda shi ne zuciyar aikin. A ja ruwa ba tsayawa na aƙalla awa 24, ana auna lita nawa take bayarwa a awa da kuma yadda ruwan ke sauka, sannan a kashe a ga tsawon lokacin da zai ɗauka ya dawo. Da sakamakon gwajin ake zuwa kasuwa. Sola tana aiki sosai na kimanin awa 5 a rana, don haka lita 12,000 tana neman famfo mai ba da lita 2,400 a awa. Idan ruwan yana tsayawa a mita 35 lokacin ja, hasumiya mita 6, aka ƙara abin da bututu ke ci, ana maganar ɗaga ruwa kimanin mita 46. Famfo mai wat 750, wato ƙarfin doki ɗaya, zai yi wannan, da faifai uku masu wat 400 in ƙarfin wutarsu ya dace da akwatin sarrafawa. Amma idan gwaji ya nuna rijiyar lita 1,500 kawai take iya bayarwa, wannan famfon zai zuƙe ta, ya ci gaba da juyawa a bushe, ya ƙone, domin ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi. Da yawa daga cikin famfunan da suka mutu a makarantu girma ne ya kashe su: wani mai niyyar alheri ya ce a sayo babba. Kada a ja fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da gwaji ya nuna. In bai isa ba, a ƙara awannin ja ko a nemi rijiya ta biyu. A sa na'urar da ke kashe famfo in ruwa ya yi ƙasa, da wadda ke kashe shi in tanki ya cika. Kuɗin biyun bai kai kashi goma na kuɗin famfo ba. A ɗaure famfon da igiyar nailan, a rataye shi 'yan mitoci sama da gindin rijiya don kada ya sha laka. A kuma kai ruwan ɗakin gwaji kafin yaro ya kai shi baki.

Faifan sola su fuskanci kudu da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15, inda inuwar bishiya ba ta kaiwa. Ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi sosai, a ɗora wa wani takamaimai alhakin wanke su da sassafe sau ɗaya a mako daga Nuwamba zuwa Maris. A yi musu firam na ƙarfe, a bi kan notuna da walda saboda ɓarayi.

Hasumiya kuwa, a tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki biyu masu lita 5,000 tan 10 ne a sama da kan yara. Wannan aikin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya zana, ya sa hannu. Gindin tankin roba yana son shimfiɗaɗɗen wuri da zai tallafe shi gaba ɗaya. In aka ɗora shi a kan ƙarafa huɗu da giɓi a tsakani, robar za ta lotsa cikin giɓin, wata rana ta tsage. Tanki ya zama baƙi mai murfi don kada rana ta shiga gansakuka ta fito. Bututu a binne shi aƙalla santimita 45, wanda aka bari a sarari rana za ta gasa shi, ƙafa ta fasa shi. Game da kawunan famfo, hutun tara minti 30 ne, yaro ɗaya yana cin kamar rabin minti, kai ɗaya zai sallami yara 60. Kawuna huɗu ga ɗalibai 1,200 turereniya ce, a turereniyar kuma suke karyewa. A yi 10 zuwa 12 a kowane ɗaya daga wuri biyu, na tagulla, a kafe bututunsu cikin kankare, kowane layi da makullinsa don in ɗaya ya lalace kada a rufe duka. A haƙa ramin tsotse ruwa a cika shi da duwatsu, in ba haka ba wurin zai zama kududdufin sauro.

Akwai aikin da ba a cika ɗaga masa hannu ba saboda ba ya kyau a hoto, alhali shi ne ke riƙe 'ya mace a makaranta: bayan gida. Ma'aunin da muka ambata ya ce ɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50. Makaranta mai 'yan mata 600 tana neman ɗaki 24. Ku ƙirga na makarantarku. Yarinyar da ta fara al'ada, ba ƙofa mai sakata, ba ruwa a buta, gida za ta zauna kwana huɗu ko biyar kowane wata, kuma ba za ta faɗa wa kowa dalili ba. Na mata ya kasance nesa da na maza, ƙofarsa ba ta kallon aji. In masai mai bututun iska za a yi, bututun ya kai inci 4, ya zarce rufi da rabin mita, a rufe bakinsa da raga, cikin ɗakin kuma ya kasance da ɗan duhu. Ƙuda yana bin haske, sai ya hau bututun ya maƙale a raga. In aka buɗe babbar taga don a ƙawata ginin, dabarar ta rushe. Iyayenmu mata da ke cikin shugabanci, muna roƙon ku riƙe wannan magana da hannu biyu.

Rufi shi ne na biyu wajen cin kuɗin ƙungiyoyi. Guguwar farkon damina, a Afrilu da Mayu, ba kwano kawai take ɗauka ba, da katakon take tashi, saboda an ɗora shi a kan bango ba a ɗaure ba. Maganin shi ne a zagaye saman bango da kankare mai rodi, a fito da ƙarfe daga cikinsa a naɗe katakon da ke kwance a kan bangon, a kuma ɗaure kowane tsani na rufin da shi. Katako ya zama mai tauri, busasshe, a jiƙa shi da maganin gara tun yana ƙasa, har da bakin da aka yanka. Kwano kada ya gaza kaurin milimita 0.45, a auna shi da ma'auni a gaban mai shago, don abin da aka buga a jiki ba kullum yake zama gaskiya ba. Kafin a sa sabon rufi a kan tsohon bango a duba tsagewa. Tsaga mai tafiya a karkace daga kusurwar taga alamar tushe ne ya zauna, filasta ba za ta warkar da ita ba. In sabon gini ne, buhun siminti ɗaya kada ya wuce bulo 30 mai inci 9. Na kasuwa da ake fitar da 45 ko 50 daga buhu, da farce za ka kankare shi. Kankare a kwaɓa shi ɗaya, biyu, huɗu: buhu ɗaya, kwanon yashi huɗu, kwanon tsakuwa takwas, tunda buhu kwano biyu ne. A yi ta ba shi ruwa kwana 7.

Kujeru ba sa buƙatar dogon bayani. A sa maƙeran Panteka su yi samfuri ɗaya da ƙarfe mai kauri, katako a ɗaure da noti maimakon ƙusa, a ajiye samfurin a ofis, duk wadda ba ta yi kama da shi ba a mayar.

Ɗakin kwamfuta yana jan hankali, kuma buƙatarsa gaskiya ce tunda jarabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Sai dai kwamfuta 40 a ɗakin da ba wuta, ba malami, ba sili, kayan ajiya ne ga ƙura da ɓera. Ta tebur da allonta tana iya cin wat 150, ta hannu kuwa 45 zuwa 65, don haka 20 na hannu sola matsakaiciya za ta riƙe su da rana. Batir mai ruwa yana son a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, in aka bar shi ya bushe ko ana zuƙe shi har ƙasa kullum, ba zai kai shekara biyu ba. A fara tambaya: wa zai koyar, awa nawa kowane aji zai samu a mako, wa ke riƙe makulli? In ba amsa, gara kuɗin ya tafi ga biya wa marasa hali kuɗin WAEC da NECO.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ke raba zumunci. Gudummawa kada ta shiga asusun mutum ɗaya, komai amanarsa, don kare shi ne daga zargi. Ƙungiya ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, ta buɗe asusu da sunanta, mutum biyu cikin uku su sa hannu kafin a fitar da ko sisi. A karɓi farashi daga wuri uku bisa takardar bayanin aiki iri ɗaya. A biya kashi-kashi bayan an duba kowane mataki, a riƙe kashi 10 cikin ɗari har wata shida, ko har aikin ya ga damina ɗaya da rani ɗaya. A rubuta tun farko wa zai ɗauki asara in rijiya ta fito a bushe. Ɗan aji yana iya neman aikin, amma in ya nema ya fita daga kwamitin dubawa. Kunyar ido ta sa an karɓi ayyuka da yawa da bai kamata a karɓa ba, domin ba mai son ya ce wa wanda suka kwana ɗaki ɗaya bulonsa bai yi ba.

Makarantar gwamnati kuma tana da mai ita. A rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ta hannun shugaban makaranta, in firamare ce a bi ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a jira amsa a rubuce. A zauna da shugaban da malamai da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) a tambaye su abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ranar miƙa aiki a miƙa fayil: rahoton bincike, zurfin rijiya, sakamakon gwaji, sunan famfo da lambarsa, takardar garanti. Shugabanni suna canzawa, wanda zai zo gyara bayan shekara biyar da wannan fayil zai yi aiki. Sannan daga kowace naira ɗari da aka tara a ware goma don gyara, a koya wa mai gadi ko wani malami canza kan famfo da wanke tanki duk wata shida, a bar masa sifana da kawuna shida a ajiye.

Abin da muke roƙo kafin taro mai zuwa ba ya cin kuɗi. Sakatare ya buɗe littafi, duk wanda ya miƙe ya faɗi abin da ya zama a rubuta sana'arsa da abin da zai iya dubawa kyauta. Daga littafin a fitar da kwamitin masana na mutum biyar, a sa mai walda da fulamba a ciki daidai da injiniya, kuma kada a amince da wani aiki sai sun sa hannu. Aikinsu na farko shi ne su zagaya duk abin da ƙungiya ta yi wa makaranta cikin shekara biyar da suka wuce, su murɗa kowane famfo, su hau kowane rufi, su kunna kowace kwamfuta, su kawo rahoto a karanta a zauren taro kafin a buɗe sabuwar gidauniya. Abin da ya mutu a fara tayar da shi. A kuma nemi shugaban makaranta ya ba da rana ɗaya a zango na biyu, likitar nan da mai gonar kajin da mai shagon waldan su shiga ajin ƙarshe, su maimaita wa yara abin da suka faɗa mana a taro, su ƙara da darussan da ake buƙata da shekarun da hanyar ke ci.

Duk ƙungiyar da ke shirin haƙa a bana, ta yi binciken ƙasa a Janairu ko Fabrairu don injin ya shiga a Maris.

Allah ya ƙara zumunci, ya jiƙan malamanmu da 'yan ajinmu da suka riga mu.

Wassalam.

'Yan'uwanku tsofaffin ɗalibai masu aikin ruwa, gini da lantarki,
Kaduna.